Yadda na ƙara sabon asusu a babbar lejar ofishin lauyoyinmu

Ina aikin lissafin kuɗi a wani ƙaramin ofishin lauyoyi, kuma cikin ayyukan da ake raina wa wahala akwai ƙara sabon asusu a babbar leja ta manhajar da muke aiki da ita. Babbar leja ita ce littafin da ke tattara dukkan lissafin kuɗin ofis, asusu kuma shi ne rukunin da ake rubuta kowane irin kuɗi a ƙarƙashinsa. Fom ɗin gajere ne, cike shi ba wani abu ba ne. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa su ne ke cin lokaci, kuma ban taɓa ganin inda aka jera su wuri guda ba. Na rubuta yadda tawa ta kasance ne domin wanda aka ɗora wa irin wannan aiki ya san wuraren da zai dakata ya yi tambaya kafin ya danna maɓallin ajiyewa.

Maganar ta taso ne daga rahoton riba da asara na ƙarshen wata. Babban lauyanmu ya duba ya ga layin sauran kashe-kashe ya kumbura har ya zarce hayar ofis. Dalili kuwa mun karɓi wasu shari'o'i masu buƙatar ƙwararru: likitan da zai rubuta rahoto kan rauni, injiniyan da zai duba tsagewar gini, da mai kimanta darajar kadara. A da irin wannan biyan jefi-jefi ake yin sa, shi ya sa tun kafin zuwana ake jefa shi cikin sauran kashe-kashe, in an zo rubuta wa wanda muke wakilta takardar caji sai a ƙara shi da hannu. Babban lauyan ya kira ni ya ce, "Malam, ka buɗe mana asusun kashe-kashe na daban, ka sa masa kuɗin ƙwararru, ina son in riƙa ganinsa shi kaɗai." Na ce, "To Barista, amma a taimaka a turo mini a rubuce, ko da layi biyu ne." Ya yi dariya ya ce na cika son takarda, amma ya turo. Duk canjin da aka yi wa jerin asusu, wata rana odita zai tambayi wanda ya ba da izini, kuma "an faɗa mini da baki" ba amsa ba ce a wurinsa.

Cikas na farko shi ne izinin shiga. Na buɗe sashen babbar leja, na ga jerin asusun, amma maɓallin ƙara sabo ya dushe, ba ya dannuwa. Manhajojin lauyoyi suna raba wa ma'aikata matsayi: wani shigar da lokacin aiki kawai zai iya, wani zai iya biya da karɓa, amma taɓa tsarin leja sai wanda aka ba ikon kula da manhajar. A ofishinmu ikon yana hannun ɗaya daga cikin lauyoyin da ke da hannun jari, ita kuwa makon nan kusan kullum tana kotu. Na jira har ta sami sarari. Da ta zauna sai ta ce bari kawai ta ba ni kalmar sirrinta in yi abin da zan yi. Na ce, "A'a Barista, gara a ƙara mini izinin a sunana, in na gama a janye." Manhajar tana rubuta sunan duk wanda ya yi canji da ranar da ya yi, kuma ba na son aikina ya fito da sunanta, ko nata da nawa. Ta ƙara mini, na fita daga manhajar na sake shiga, sannan maɓallin ya farka. Wannan fita da sake shigar ku riƙe ta, don mutum zai iya zaton izinin bai shiga ba alhali ya shiga.

Kafin in taɓa fom ɗin na buga jerin asusun gaba ɗaya a takarda, na zauna da biro. Ga wanda bai saba ba, kowane asusu a babbar leja yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin gidaje 5: kadara, bashin da ake bin ofis, jari, kuɗin shiga, da kashe-kashe. Tsarin lambar da ya fi yaɗuwa, wanda mu ma shi muke bi, shi ne kadara ta ɗauki 1000 zuwa 1999, bashi 2000 zuwa 2999, jari 3000, kuɗin shiga 4000, kashe-kashe daga 5000 zuwa sama. Ba doka ba ce, al'adar aiki ce, amma rahotanni da yawa a kanta suke tafiya. Gidaje ukun farko su ke fitowa a takardar kadara da bashi, kuma ragowarsu tana tsallakawa daga shekara zuwa shekara. Biyun ƙarshe su ke fitowa a rahoton riba da asara, kuma in shekara ta ƙare ana share su a mayar da sakamakon cikin jari. Ina bin layukan sai idona ya faɗa kan 1300, mai suna kuɗin kotu da aka biya a madadin waɗanda muke wakilta. Yana cikin kadara. Nan na tsaya. In kuɗin shigar da ƙara da muke biya wa mutum kadara ne, saboda zai dawo mana da shi, me zai sa kuɗin likitan da muka biya wa mutumin nan ɗaya ya zama kashewa?

Ban yanke hukunci da kaina ba, na nemi akantan waje da ke rufe mana littafin shekara. Shi ne kaɗai wurin da wannan aiki ya ci kuɗi, don yana cajin lokacinsa, sai da na nemi amincewar Barista kafin in kira shi. Ƙara asusun kansa kyauta ne, kuma kiran kamfanin manhaja yana cikin kuɗin shekara da muke biya. Akantan ya ce in turo masa jerin asusun, da bayanin duk abin da ya shiga sauran kashe-kashe a wannan shekarar, da kwafin yarjejeniyar da muke sa hannu da waɗanda muke wakilta. Na yi mamakin ta ukun, ashe ita ce ta fi muhimmanci. Tambayarsa ɗaya ce: in an biya ƙwararre, wa zai ɗauki nauyin a ƙarshe? Yarjejeniyarmu ta ce mai shari'ar ne zai biya, ko ya yi nasara ko bai yi ba. Ya ce to ai wannan rance ne ofis ya ba mutum, kuma rance kadara ce har ranar da aka biya shi ko aka haƙura da shi. Ya yi mini bayanin ɓarnar da tsohon tsarin yake yi. In ka sa shi a kashe-kashe, riba za ta faɗi a watan da ka biya likita, sannan ta yi tsalle a watan da mutumin ya mayar, ga shi ba a ci ko sisi ba kuma ba a yi asarar ko sisi ba. In biyan ya faɗo a wata shekara, mayarwar a wata, shekarun biyu duk sun ba da labarin da ba haka yake ba, har da lissafin haraji. Ya kuma bambanta mini shi da irin kuɗin buga takardu da kwafi da ake yi a cikin ofis, wanda kashewar ofis ce ko da an caji mutum a kai, saboda ba wani na waje aka biya takamaimai dominsa ba. Ya ƙara da cewa yadda hukumar haraji ke kallon wannan ya danganta da ƙasa, don haka kada in ɗauki amsarsa in kai wa wani ofishi a wani wuri.

Komawa wurin Barista da wannan amsa ya fi komai yi mini nauyi, don shi asusun kashe-kashe ya nema. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, abin da kake son gani za ka gan shi, sai dai ba a rahoton riba zai fito ba, a takardar kadara zai fito, kuma zai nuna maka nawa muke bin mutane na kuɗin ƙwararru a kowane lokaci." Ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan ma ya fi masa amfani, don abin da ke damunsa dama kuɗin da ya fita bai dawo ba. Ya sake turo umarnin da gyara.

Ranar da zan buɗe asusun na bari sai da kowa ya tashi, na ɗauki kwafin ajiya na bayanan gaba ɗaya, na kuma buga gwajin daidaito, wato rahoton da ke jera kowane asusu da ragowarsa, debit a hagu kiredit a dama (ɓangarori biyun da ake rubuta kowace shigarwa a cikinsu), jimillar biyun daidai. Wanda manhajarsa ke kan intanet ba lallai ya sami hanyar ɗaukar kwafi da kansa ba, amma buga rahotannin kafin canji kowa zai iya, kuma su ne madogara in lissafi ya karkace. Fom ɗin ya nemi lamba, suna, nau'i, ƙaramin nau'i, asusun da yake ƙarƙashinsa in akwai, sashe ko reshe, matsayin haraji, da ragowar farawa. A nau'i na zaɓi kadara, a ƙaramin nau'i kadara ta kusa, wato wadda ake sa ran ta koma kuɗi cikin shekara. Sunan na yi shi gajere saboda gurbin yana yanke dogon suna a rahoto, kuma na bi salon na 1300 domin su yi kama in an jera su. Akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko asusun kanun ne ko na shigarwa. Na kanu ba a zuba masa komai, tara na ƙasansa kawai yake yi. Nawa na shigarwa ne. Gurbin ragowar farawa kuwa na bar shi sifili, ko da yake na san adadin da ya kamata ya kasance a ciki. Lissafin nan ƙafa biyu gare shi, duk debit da kiredit ɗinsa. In ka rubuta adadi a wannan gurbi, manhajoji da yawa za su ƙirƙiro ɗaya ƙafar da kansu su jefa ta a wani asusun jari na wucin gadi, ka wayi gari da kuɗin da ba ka san daga ina ya fito ba. An yi gurbin ne domin ranar da ake ƙaura daga tsohon littafi zuwa manhaja, ba domin tsakiyar shekara ba.

Na sa lamba 1310 na danna ajiye, sai saƙo ya fito da jan rubutu cewa ana amfani da wannan lamba. Na duba takardar da na buga, daga 1300 sai 1400, babu komai a tsakani. Na sake gwadawa, amsa ɗaya. Washegari na kira layin taimako na kamfanin manhajar. Jiran ya yi tsawo, kiɗa yana ta maimaita kansa a kunnena, kuma da aka ɗauka sai da aka nemi lambar rajistar ofishinmu da sigar manhajar da muke kai, don haka ku tanade su kusa kafin ku kira. Matar da ta amsa ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce in duba saman jerin asusun, akwai ɗan akwatin nuna waɗanda aka dakatar. Ina danna shi sai ga 1310 ya bayyana da dusasshen rubutu, wani tsohon asusun bashin ma'aikata da aka daina amfani da shi shekaru da suka wuce. Na tambaye ta ko in farfaɗo da shi in canza masa suna, tunda babu komai a ciki. Ta ce zai yiwu amma ba ta ba ni shawara ba, domin sunan zai canza har a rahotannin shekarun baya, wanda ya buɗe tsohon littafi zai ga kuɗin ƙwararru a inda bashin ma'aikata yake. Na kuma tambaye ta ko in mayar da 1300 kanu in sa sabon a ƙarƙashinsa. Ta ce a manhajarmu sai an kwashe ragowarsa zuwa wani asusun tukuna, sannan a gyara duk abin da ke nuni zuwa gare shi. Na bar wannan, na ɗauki 1320, na bar tazara a gaba da baya saboda wanda zai zo nan gaba. Wannan karon ya shiga.

A nan ne mutum zai ce ya gama, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Asusun yana cikin jeri, amma babu abin da zai kai kuɗi cikinsa. Manhajar lauyoyi ta bambanta da ta shago ko ta kamfani a wuri guda: kowane kuɗin da ya shafi shari'a yana shiga littafi biyu a lokaci guda, babbar leja da kuma lejar fayil ɗin shari'ar. Sakatariya in za ta shigar da biyan likita, ba ta ganin lambar 1320 ko kaɗan. Fayil take zaɓa, sannan ta zaɓi nau'in kuɗin daga wani ɗan jeri, kamar kuɗin kotu ko kuɗin aika takarda, kuma kowane nau'i an ɗaure shi da wani asusu a ɓoye. Asusun da ba a ɗaure da nau'i ba kamar ɗaki ne da aka gina ba a fasa masa ƙofa ba. Sai na shiga sashen saituna na ƙirƙiri sabon nau'i mai suna kuɗin ƙwararre, na nuna cewa ana cajin mai shari'a da shi, na ɗaure shi da 1320 a wuri biyu: inda kuɗin ke shiga in an biya, da inda yake fita in an rubuta takardar caji. In aka ɗaure na farko aka manta na biyu, mayarwar za ta tafi kuɗin shiga, shi kuma 1320 ya yi ta hawa ba ya sauka. Waɗanda manhajarsu ba ta da babbar leja tata, tana tura bayanai ne zuwa wata manhajar lissafi kamar QuickBooks ko Xero, su aikinsu ya ƙaru da mataki ɗaya: a can za su buɗe asusun, sannan su dawo manhajar lauyoyin su haɗa shi.

Gwaji na yi da ƙaramin adadi a kan fayil ɗin gwaji da muke da shi. Na shigar da biya daga asusun bankin ofis, na duba: debit a 1320, kiredit a banki, kuma ya fito a lejar fayil ɗin a matsayin kuɗin da ba a caja ba tukuna. Na fitar da takardar caji ta gwaji, adadin ya bar 1320 ya koma bashin da muke bin mutane. Kafin wannan mataki na biyu ne na buga takardar kadara da bashi, kuma a nan gabana ya faɗi, don ɓangarorin biyu sun ƙi haɗuwa. Na ɗauki kalkuleta na cire wannan daga wancan, sai bambancin ya fito daidai adadin gwajina, ba ƙari ba ragi. Gwajin daidaito kuwa lafiya lau, ga 1320 a zaune a layinsa. Wato lejar daidai take, rahoton ne bai san da sabon asusun ba. Na buɗe tsarin rahoton na ga wanda ya tsara shi tun farko ya jera asusun ɗaya bayan ɗaya da hannu, bai sa a ɗauko daga lamba kaza zuwa kaza ba. Na ƙara 1320 a ƙarƙashin 1300, na sake bugawa, ɓangarorin suka haɗu. Shigarwar gwajin kuma ban goge ta ba, na warware ta ne da kishiyarta tare da ɗan bayani, domin manhajar lissafi mai kyau ba ta son a goge, kuma odita ya fi yarda da layi biyu da suka kashe juna a kan giɓin da babu bayani.

Kwaso tsofaffin biyan daga sauran kashe-kashe shi ya fi cin lokaci. Hanya mai sauƙi ita ce shigarwar gyara guda ɗaya a babbar leja, debit 1320 kiredit 5900, wato asusun sauran kashe-kashe, a wuce wurin. Akantan ya hana ni ita ga duk abin da ke cikin watannin da ba a rufe ba, saboda irin wannan shigarwa babbar leja kaɗai take taɓawa, fayilolin shari'a ba za su san an yi ba. Daga nan jimillar 1320 ba za ta taɓa yin daidai da jerin kuɗin da ba a caja ba na fayiloli ba, kuma wannan daidaiton shi ne amfanin asusun gaba ɗaya. Don haka na ɗauko rasit ɗin ƙwararrun ɗaya bayan ɗaya, na warware tsohuwar shigarwar kowanne, na sake shigar da shi a kan fayil ɗinsa da sabon nau'in, da ainihin ranar biyan domin kada daidaita lissafin banki ya rikice. Waɗanda an riga an caje su da hannu na ware su gefe, don in na shigar da su a matsayin waɗanda ba a caja ba, manhajar za ta sake cajin mutum karo na biyu, kuma babu abin da ke zubar da mutuncin ofishin lauya kamar wannan. Na shekarar da aka rufe kuwa ban taɓa ba. Manhajar ma ta kulle su, kuma an riga an kai wa hukumar haraji lissafinsu. Na jera su a takarda na miƙa wa akantan, shi zai san yadda zai yi da su a gyaran ƙarshen shekara.

Da na tara ma'aikata in nuna musu sabon nau'in, sakatariyarmu ta yi tambayar da ta fi duk wadda na yi wa kaina. Ta ce, "Malam, to in mutum ya riga ya ajiye kuɗin likitan a wurinmu fa?" Wannan kuɗin ba namu ba ne, yana asusun amana, kuma ba ruwansa da 1320. In mutum ya ajiye kuɗi domin a biya ƙwararre, daga asusun amana za a biya kai tsaye, a rage ragowarsa a lejar amanarsa, ofis bai ranta masa komai ba. Sabon asusun na lokacin da ofis ya fitar daga aljihunsa ne kawai. In kuma abin da ya ajiye bai kai ba, ba a cike giɓin da kuɗin wani da ke cikin asusun amana ɗaya, ofis ne zai cika daga nasa, kuma wannan cikon ne zai shiga 1320. Raba kuɗin mutane da na ofis shi ne ƙashin bayan dokokin lissafin lauyoyi kusan ko'ina. A Amurka yana cikin doka ta 1.15 ta ƙa'idojin samfuri na ƙungiyar lauyoyin ƙasar. A Ingila da Wales, ƙa'idojin asusu na hukumar SRA, mai sa ido kan lauyoyi, da suka fara aiki a Nuwamban 2019 sun wajabta daidaita asusun amana aƙalla kowane mako 5. Daidaitawar ta fuska uku ce: abin da banki ya ce yana ciki, abin da littafin ofis ya ce, da jimillar ragowar kowane mutum, dole ukun su zama ɗaya. Shi ya sa nake jan kunnen duk wanda aka ce ya buɗe sabon asusun banki na amana kada ya bi ta fom ɗin da na bi. A manhajarmu, da ma wasu da dama, ta sashen bankuna ake buɗe shi, ita manhajar ce ke samar da asusun kadarar da na bashin da ke tafiya tare da shi. In aka ƙirƙire shi da hannu a babbar leja, zai zauna a jeri amma ba zai fito a wurin karɓar kuɗin amana ba.

A rufe watan farko na sa rahoton kuɗin ƙwararru da ba a caja ba kusa da ragowar 1320, suka zo daidai. Sauran kashe-kashe ya koma girmansa na da. Barista ya ga jerin sunayen fayilolin da kuɗinsu ya daɗe a waje, ya sa aka fitar musu da takardun caji a makon. Ni kuma na tuna wa lauyar da ke kula da manhajar ta janye izinin da ta ƙara mini.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan fi nanata masa shi ne nau'in asusu. Suna ana gyara shi kowane lokaci, lamba ma wasu manhajoji suna bari a canza, amma nau'i da zarar an zuba kuɗi a ciki sau da yawa ya kulle, in ma bai kulle ba canza shi zai birkita rahotannin baya. Wanda ya ba ka umarni yana faɗa maka abin da yake son gani ne, ba lallai ya san gidan da kuɗin ya dace ba, don haka ka tambayi kanka kuɗin wa ne, kuma zai dawo ko ba zai dawo ba, sannan ka kai wa akanta tare da yarjejeniyar da ke tsakaninku da waɗanda kuke wakilta. Ka duba jerin har da waɗanda aka dakatar kafin ka zaɓi lamba, wataƙila ma ka tarar abin da kake nema yana nan. Ra'ayina kuma shi ne ba kowace buƙata ce ta cancanci sabon asusu ba. In abin da ake so shi ne a san nawa aka kashe a kan shari'a kaza ko lauya kaza, rahoton fayil ko na sashe zai ba da amsa, kuma jerin asusun da ya yi tsawo ya wuce kima shi ke sa ma'aikata zaɓen kuskure. In zai yiwu a fara amfani da sabon asusu a ranar farko ta wata, ko ma farkon shekarar lissafi, aikin kwaso tsofaffin shigarwa zai ragu sosai.

Yanzu akwai shafi ɗaya a fayil ɗin ofis da muke cikewa duk lokacin da za a taɓa jerin asusun: wanda ya nema, dalilinsa, lamba, suna, nau'i, amincewar akanta, nau'in kuɗin da aka ɗaure da shi, rahotannin da aka duba, da ranar fara aiki. A ƙasansa akwai gurbin ranar dakatarwa, domin in buƙatar asusun ta wuce, sai a tabbatar ragowarsa ta koma sifili, a cire shi daga nau'o'in da ke kai masa kuɗi, sannan a dakatar da shi a bar shi da tarihinsa.